Raddi ga Masu Cewa a Ɗauki Jita Tsurarta

Wata fatawa ta cika ɗakunan ɗaukar sauti, har yaran da suka fara aikin jiya sun haddace ta. Wai jitar lantarki ba a ɗaukarta da kwalliya. A ja waya daga jita zuwa kwamfuta, a ɗauke ta tsurarta, in an zo miksin a zuba mata gurnani da amsa-kuwwa yadda aka ga dama. Hujjojinsu uku ne: kwalliya daban, kiɗa daban; abin da ya shiga ɗauka ba ya fita; manhajojin zamani sun kamo amfilifaya. A gaskiya dai nufinsu makaɗi ya zama ɗan aiken mai riƙe da linzamin kwamfuta.

Ta farkon ita ce ginshiƙinsu, ita ce kuma ta fi rauni. Wanda ya ce kwalliya daban kiɗa daban, ina shakkar ya taɓa rataya jita a kafaɗa. Ku saurari farkon "Voodoo Child (Slight Return)" na Jimi Hendrix, 1968. Fedar wah-wah da ƙafa ake kaɗa ta, diddige da yatsu suna tafiya tare da hannu, bugu da bugu. Wa zai zo bayan wata guda ya zana wannan da linzami? Sannan akwatin Fuzz Face da Hendrix ya shahara da shi yana jin abin da jitar ke turo masa kai tsaye. Ka ɗan murɗa maɓallin ƙara na jikin jitar baya, gurnanin ya washe. Ka murɗa gaba, ya dawo da fushinsa. Makaɗi yana yin haka a tsakiyar waƙa da ƙaramin yatsa. Balle kukan da ke tashi idan sifika ta girgiza tsirkiya, tsirkiyar ta mayar wa sifika. Wannan sai jita da amfilifaya suna ɗaki ɗaya, iska na tsakaninsu. A kan sautin da aka riga aka ɗauka, wace tsirkiya ce za ta girgiza? Haba!

Ba a nan ta tsaya ba. The Edge na ƙungiyar U2, a "Where the Streets Have No Name" ta 1987, bugu kaɗan yake yi, na'urar maimaita sauti ce ke cike gurabun da ya bari da gangan. Ka cire masa ita daga kunne lokacin ɗauka, wani kiɗan daban zai yi maka. Haka Keith Richards a 1965: ya sa Maestro Fuzz-Tone a "Satisfaction" ne da tunanin daga baya za a maye gurbin da masu busa. Ba a maye ba, aka saki waƙar a haka. Da masu fatawarmu ne ke ɗakin, da har yau suna zaɓe. Mu ma nan kusa, masu jitar Agadas irin su Bombino da Mdou Moctar a filin biki suka goge, hannunsu ya saba da yadda amfilifaya ke amsa musu nan take.

Ta biyu: wai gishiri in ya shiga miya ba ya fita. Gaskiya ne. To sai a daina sa gishiri a tukunya? Dave Davies na The Kinks reza ya sa ya tsaga sifikarsa, aka samu sautin "You Really Got Me" a 1964, kuma babu wanda ya nemi a ɗinke. Wanda tsoro ya hana shi barci, ga akwatin DI nan: ya raba wayar biyu, makirfo ya ɗauki amfilifaya, ɗaya layin ya ajiye tsurar don ɓacin rana. Kuɗin kebul ɗaya ne da layi ɗaya a kwamfuta.

Ta uku, manhajoji. Sun yi kyau, ban musa ba. Sai dai su kansu masu wannan magana, in za su ɗauka, sukan kunna wa makaɗi manhajar a kunne don ya ji daɗin bugu. Ashe dai sun san abin da muke faɗa.

Amsa-kuwwar ɗaki kuwa, wadda ake daidaita ta da murya da ganga, su riƙe ta har miksin. Wannan na bar musu.