Ilmin Teku Ba a Koyonsa a Kan Tudu

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin ruwan Elmina ko Tema a ƙasar Gana ya ga yadda dubban gidaje suka dogara da ƙaramin kifin nan, sadinela. Kifin ya ragu ƙwarai, har a 2019 hukuma ta dakatar da masu kwalekwale daga kamun kifi na tsawon wata guda. Irin wannan hukunci yana taɓa tukunyar talaka, don haka tilas ya dogara da awo na gaskiya. To, wa zai yi awon?

A ganina, amsar tana ga yadda malaman jami'a ke renon ɗalibai masu neman digiri na biyu da na uku. Jami'ar Cape Coast tana da cibiyar nazarin gaɓar teku, Jami'ar Gana kuma tana da sashen ilmin teku da kifi. Amma gini da na'ura ba sa yaye masani. Tsakanin Yuli da Satumba ruwa mai sanyi yakan taso daga ƙasan teku ɗauke da abincin kifi. Ɗalibi zai iya haddace wannan a aji, sai dai ba zai gane shi ba sai ya auna sanyin ruwan, ya tsaga cikin kifi ya duba ƙwansa, malaminsa na tsaye kusa da shi yana gyara masa. Gani ya kori ji. Shirin jirgin bincike na Dr. Fridtjof Nansen, wanda Norway da hukumar FAO suka soma a 1975, yana ɗaukar matasan masana na ƙasashen da yake ziyarta su yi aiki tare da manya.

Wasu malamai kan ce aiki tare yana cin lokaci, ɗalibi kuma yakan ɓata samfur. Gaskiya ne. Amma samfurin da ya ɓaci ana sake ɗebo shi, ɗalibin da aka mayar ɗan aike kuwa ba ya dawowa. Wanda ya kwana yana awo, sannan aka buga sakamakon babu sunansa, gobe zai nemi wata ƙasa.

Saboda haka malami ya bar ɗalibi ya kawo tasa tambayar, ya sa sunansa a takarda, ya kuma tura shi wurin masunta ya saurare su. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle teku.