Damben Turawa da Kunfu: Wa Zai Kai Wani Ƙasa?

'Yan'uwa ɗalibai, tun zamanin da finafinan Bruce Lee suka cika gidajen silima na Kano da Kaduna ake tafka wannan gardama a ɗakunan kwana: in aka haɗa ɗan damben Turawa da gwanin kunfu na ƙasar Sin, wa zai kai wani ƙasa? Ni dai a ganina ɗan dambe ne, amma fa ba don hannunsa ya fi nauyi ba. Dalili shi ne kullum a jikin mai ramawa yake koyon sana'arsa. Ya san ɗacin naushi, ya san yadda numfashi kan ƙare a turmi na uku. Ɗalibin kunfu kuwa, a makarantu da yawa, shekara da shekaru yakan yi yana maimaita tsararren motsi yana dukan iska, iska kuwa ba ta ramuwa.

An ga haka ƙarara a 2017 a birnin Chengdu, sa'ad da Xu Xiaodong, ɗan damben gauraye, ya kara da Wei Lei, malamin taici. Ko rabin minti ba a yi ba malam yana ƙasa. Maimakon a tsaya a duba inda gizo ke saƙa, sai aka huce a kan Xu, wai ya ci mutuncin al'ada.

Kada dai wani ya ɗauka kunfu holoƙo ne. Yana da shuri, yana da kayarwa irin ta kokawa, waɗanda dokar damben Turawa ta hana. Shi kansa Bruce Lee a wurin Ip Man ya koyi salon Wing Chun a Hong Kong, amma a 1958 ya ci gasar damben 'yan makaranta a can. Da ya koma Amurka ya riƙa nazarin finafinan wasannin Muhammad Ali, ya aro rawar ƙafa da saurin naushi, ya zubar da abin da bai ga amfaninsa a fage ba, har ya kafa nasa salon, Jeet Kune Do, a 1967. Mahautanmu dai ba sa bukatar wannan darasi, domin ba a taɓa kiran wani gwanin dambe ba sai ya ɗaura kara ya shiga fage a gaban jama'a.

Hukumomin Sin ma sun yi wannan lissafi. A 1959 suka hana damben Turawa saboda haɗarinsa, a 1986 suka maido da shi. Suka kuma tsara sanda, wato karawa ta gaske da safar dambe, wadda ta haɗa naushi da shuri da kayarwa. Zou Shiming da wushu ya fara tun yana yaro, kafin ya koma dambe da sauƙin jiki da gocewar da ya koya can. Ya ciyo wa ƙasarsa tagulla a Olamfik na 2004, sa'an nan zinariya a Beijing a 2008, ya kuma maimaita a Landan a 2012.