Masu cewa "me ya haɗa saniya da kwamfuta?", ku zo mu yi magana

Jama'a, tun da aka kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya a 2024, duk lokacin da aka ambaci shigar da kwamfuta cikin aikin asibitocin dabbobi sai ka ga wasu sun fara shaguɓe. Wai a ba mu magani da allura kawai, wai saniya ba ta san intanet ba. Har da masu digiri a cikin masu wannan magana, shi ya sa abin yake ba ni takaici.

To bari in yi tambaya. Likitan dabbobi yana duba majinyacin da ba ya magana. Rago ba zai ce maka wata uku da suka wuce an yi masa allura kaza ba. Mai shi ma sau da yawa ba ya tunawa, ko kuma yaro aka aiko da shi. Abin da likita ya dogara da shi shi ne abin da aka rubuta. A ina ake rubutawa? A wani kundi da ke kan tebur, wanda idan ya cika sai a jefa shi cikin sito gara ta cinye. Idan aka yi wa likita canjin wurin aiki, duk abin da ya sani game da garken garin ya tafi da shi. Wanda ya gaje shi sai ya fara daga farko, dabbobin talaka kuma su ne abin gwaji.

Ga abin da kwamfuta ke yi a irin wannan wuri. Kowace dabba ko kowane garke yana da fayil: mai shi, shekaru, nauyi, rigakafin da aka yi, maganin da aka bayar da ranar da aka bayar. Idan lokacin rigakafin ciwon huhu ko na haukan kare ya zagayo, saƙo zai tafi wayar mai dabba. Ɗakin magani kuma, manhaja za ta nuna abin da ya kusa ƙarewa da abin da wa'adinsa ya kusa cika, ba sai an yi wa dabba allurar da ta lalace ba. Yawancin alluran rigakafi suna buƙatar sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8. Akwai 'yar na'urar da ake sakawa cikin firij tana rubuta yanayin sanyin dare da rana. A ƙasar da wuta ke ɗaukewa yadda ta ga dama, in babu ita ta yaya za ka san allurar da aka ɗauko tun daga Vom tana da sauran amfani?

Sannan maganar ta shafi cikinka da na 'ya'yanka. Idan aka yi wa saniya allurar kashe ƙwayoyin cuta, akwai kwanakin da bai kamata a sha nononta ko a ci namanta ba. In ba a ajiye ranar ba, wa zai hana a kai ta mayanka washegari? Haka muke cin ragowar magani a tsire da fura da nono, daga baya mu yi mamakin yadda magani ya daina yi mana aiki.

Babban abin ma shi ne annoba. A 2006 Najeriya ce ƙasa ta farko a Afirka da aka tabbatar da murar tsuntsaye mai tsanani, a wata gona a Jaji ta jihar Kaduna. Kaji sun fara mutuwa tun a Janairu, sai a Fabrairu aka tabbatar da cutar. A Yulin 2023 aka tabbatar da ciwon saifa, wato antiraks, a wata gona a ƙaramar hukumar Suleja, bayan an riga an gargaɗe mu kan cin ganda saboda ɓullarsa a arewacin Ghana. A irin wannan yanayi kwana ɗaya ma yana da tsada. Rahoton takarda sai ya bi daga ƙaramar hukuma zuwa jiha zuwa Abuja. Mu da muke aikin gwamnati mun san yadda fayil ke kwana a kan tebur. Rahoton waya kuwa, da hoto da wurin da abin ya faru, yana isa a ranar. Kuma idan asibitoci biyar suka shigar da alamomi iri ɗaya a mako ɗaya, na'ura za ta nuna, alhali kowane likita shi kaɗai zai ɗauka tsautsayi ne kawai. Duniya ta kawar da bushiya a 2011, an kuma sa 2030 don kawar da annobar awaki da tumaki. Da wane lissafi za mu san inda muka kwana?

Na san abin da za a ce: babu wuta, babu sabis. Akwai manhajoji kamar KoboToolbox da ake cika bayanai ba tare da intanet ba, idan aka samu sabis sai su tura. Waya da ƙaramin sola sun isa. Wasu kuma za su ce makiyayi ba zai yarda a ƙirga masa shanu ba saboda yana tuna jangali. Wannan tsoro yana da tushe, kuma hakkin hukuma ne ta fito fili ta yi alkawarin cewa bayanan lafiya ba za su koma hannun masu karɓar haraji ba. A zauna da Arɗo a yi masa bayani, a nuna masa cewa saniyar da ke da lamba da fayil ta fi sauƙin ganowa idan ɓarayi suka kai ta kasuwa.

Abin da ba zan goyi baya ba shi ne a mayar da lamarin kwangila. A sayo kwamfutoci, a yanka kirtani, a ɗauki hoto, sannan a rufe su da leda a ofishin darakta. In za a yi, a kai su inda ake duba dabba, a koya wa ma'aikata, a ware kuɗin data da gyara a kasafin kowace shekara. Kuma a sani, wasu ba za su so ba, domin idan kowane rasit da kowace kwalba suka shiga na'ura, hanyar cuwa-cuwa ta toshe.

Wanda dukiyarsa akuya uku ce, mutuwar ɗaya kuɗin makarantar yaro ne ya tafi. Shi ake yi wa wannan magana.

Likitocin dabbobi da masu kiwo da ke nan, ku faɗa mana yadda abin yake a wajenku. Allah Ya sa mu dace.