A Nuna wa Yaran Kebbi Zara a Kwamfuta

Yaron Argungu ya san Zara da magariba, ya san Gamzaki da asuba, amma da wuya a gaya masa a aji cewa duniya ɗaya ce, mai kewaya rana cikin kwana 225. Zanen alli ba ya motsi. A manhajar Stellarium kuwa, wadda kyauta ce kuma tana aiki ba intanet, ɗalibi zai saita samaniyar Birnin Kebbi, ya gaggauta lokaci da hannunsa, ya ga duniyoyin suna tafiya.

Muna kira ga Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu ta fara horar da malaman firamare a kan wannan manhaja, bayanin kuma da Hausa. Kwamfuta ɗaya da wutar sola sun ishi aji guda.