TAKARDAR HAIHUWA HAƘƘIN ƊA CE A WUYAN MAHAIFINSA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa musulmi na Madawa da Buza da Keita, nasihar yau ta shafi wani haƙƙi da yawancinmu suke saki. Mutum zai sayi ragon suna, ya tara jama'a, a raba goro, a yi fatiha, amma ba zai taka zuwa ma'aikatar magajin gari ya rubuta sunan jaririn ba. Ra'ayina a kan wannan a fili yake: a zamaninmu, yi wa ɗa takardar haihuwa yana cikin abin da ya hau kan uba, kamar ci da tufafi.

Malamai sun lissafa kiyaye nasaba cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo domin tsare su. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi da kafa shaidu. Idan an umarce mu da rubuta dukiya, ina ga ɗa? Sayyidina Umar ma ya kafa diwani, aka rubuta sunayen mutane domin kowa ya samu rabonsa. Saboda haka wanda ya ce wannan al'adar Nasara ce, bai duba tarihinmu ba.

Ga abin da dokar Nijar ta tanada. Dokar shekarar 2019 ta ba da kwana 60 a sanar da haihuwa, kuma sanarwar kyauta ce. Ku lissafa: suna ranar bakwai, wankan jego kwana arba'in, har yanzu da sauran kwana ashirin. Wanda ya bari wa'adin ya wuce, sai ya je gaban alƙali da shaidu, ya sha zirga-zirga da kashe kuɗin mota.

Game da zama ɗan ƙasa, dokar 1984 da aka gyara a 1999 ta daidaita uba da uwa: ɗan da mahaifinsa ko mahaifiyarsa ƴan Nijar ne, shi ma ɗan Nijar ne, ko a ina aka haife shi. Haka kuma wanda aka haifa a Nijar, kuma ɗaya daga cikin iyayensa nan aka haife shi. Tun 2014 doka ta yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu. Amma baƙon da yake neman zama ɗan ƙasa, sai ya tabbatar da zaman shekara 10 a cikinta. Duk waɗannan da hujja ake kafa su. Kotun da ke ba da takardar ɗan ƙasa za ta nemi takardar haihuwar mutum da ta mahaifinsa ko mahaifiyarsa. Kun ga ke nan, uban da ba shi da takarda ya gadar wa ɗansa wahala.

Mu mutanen bida ne. Ƴaƴanmu suna Kano da Legas da Abijan da Libiya da Aljeriya, wasu da iyalansu. Wanda aka yi wa haihuwa a can, ya karɓi takardar wurin, ya kai ta ofishin jakadancin Nijar. Ku tuna ƴan'uwanmu da ake korowa daga Aljeriya zuwa Asamaka; a ranar irin wannan ne mutum yake sanin darajar abin da zai nuna asalinsa. Ko a gida, yaro ba ya zama jarrabawa ba da ita ba, kuma fasfon aikin hajji da ita ake fara nemansa.

Sai gargaɗi ga masu ba da shaida. Shaidar zur tana cikin manyan zunubai, an ambace ta tare da shirka da saɓa wa iyaye. Kada ka ce wane ya shekara goma a unguwarku alhali bara ya zo. Kada ka rage wa yaro shekaru. Kada ka rubuta ɗan ƙanenka da sunanka don kana riƙonsa, domin Suratul Ahzab ta hana jingina ɗa ga wanda ba ubansa ba, kuma wannan yana rikita gado da aure. Haka nan ɓoye shaidar gaskiya zunubi ne. Baƙinmu da tashin hankali ya koro daga Najeriya zuwa yankin Bangi, idan sun haihu a nan, mu taimaka a rubuta ƴaƴansu da sunayen iyayensu na gaskiya. Rubuta haihuwa daban, ba da ƙasa daban. Na biyun aikin doka ne.

Ina kira ga limamai da masu gari da masu unguwa: duk inda aka kira ku raɗin suna, ku tambayi uban jariri ko ya sanar da haihuwar. Wanda yake bida, waliyyinsa ya tsaya masa. Kada a bambanta mace da namiji. Masu manyan ƴaƴa da ba su da takarda, su saurari ranar da alƙalai ke zagayowa ƙauyuka, su kai su.

Allah ya raya mana zuriyarmu a kan Musulunci, ya ba ƙasarmu lafiya da damina mai albarka. Wanda ya karanta ya isar ga wanda bai karanta ba.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.