Madatsar Goronyo: A Nemo Yoyo Tun Kafin Ya Zama Ɓaraka

Masu iya magana sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Gaskiya suka faɗa, sai dai akwai ɓarnar da ido ba ya iya kimanta ta sai bayan ta gama cin ƙarfin abin da ta kama, kuma yoyo yana cikin irinta. A kan haka ne nake son jawo hankalin mai karatu zuwa ga wata na'ura da manyan masana'antun duniya suka daɗe suna amfani da ita wajen gano yoyon tankuna, wadda a ganina mutanen Wurno da Rabah da Goronyo sun fi kowa buƙatar ta.

Na'urar ita ce kyamarar zafi. Asalin iliminta ya samo tushe ne tun 1800, lokacin da William Herschel ya gano a Ingila cewa bayan jan launi na hasken rana akwai wani haske da ido ba ya gani amma yana ɗauke da zafi. Kowane abu yana fitar da irin wannan haske gwargwadon ɗuminsa. 'Yar bindigar auna zafin jiki da aka riƙa nuna mana a goshi lokacin cutar Ebola a 2014 da korona a 2020 ƙanwar wannan kyamara ce. Bambancin kawai shi ne bindigar ɗigo ɗaya take aunawa, ita kuwa kyamarar hoto sukutum take bayarwa, inda wuri mai zafi da mai sanyi ke fitowa da launi daban-daban, ko da tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai digiri ɗaya ba.

Duk wanda ya san randa ya san sirrin wannan aiki. Ruwan da ke naso ta jikin randa yana bushewa a iska, bushewar kuma ita ke sanyaya ta. Haka tanki yake. Inda ruwa ko mai ke tsattsafowa, zafin wurin yakan saɓa da na kewayensa, sai ya bayyana a hoto kamar tabo. Daga waje, ba tare da an tsayar da aiki ko an zubar da abin da ke ciki ba, injiniya zai ga iyakar inda ruwa ya kai a tanki da kaurin laka da ta kwanta a ƙasansa. Akwai ma irin da aka ƙera musamman don kamfanonin mai, wadda ke nuna iskar gas tana tsiyaya tamkar hayaƙi.

To, mu a gabashin Jihar Sakkwato ba mu da matatar mai, amma muna da tankin da ya fi na kowace masana'anta girma, wato madatsar ruwa ta Goronyo da ke kan gulbin Rima. An kammala ta a 1984, aka ƙaddamar da ita a 1992, an kuma tsara ta ne ta riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 900. Bangonta na ƙasa da rairayi ne, tsayinsa mita 21, tsawonsa kuwa ya haura kilomita 12. Da wannan ruwa birnin Sakkwato ke kashe ƙishirwa, da shi kuma manoman rani na fadamar Rima ke samun shinkafa da albasa da tafarnuwa. A ƙarƙashin wannan bango ne ƙasar Wurno take, ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, inda aka yi masa makwanci a 1837.

Babu madatsar ƙasa da ba ta naso, kuma masu gini sun san da haka, shi ya sa suke yi mata magudanai. Haɗarin yana zuwa ne idan nason ya fara jan ƙasa yana fita da ita, ya haƙa wa kansa hanya a cikin bango kamar ramin gafiya. Haka ta faru da madatsar Teton a Amurka ranar 5 ga Yuni, 1976: da safe aka ga ruwa yana ɓullowa a jikin bango, kafin tsakar rana ta rushe, mutum 11 suka rasa rayukansu. A nan gida ma ba mu manta da Bagauda a Kano a 1988 ba, balle Alau da ta ɓalle a Satumban 2024, ruwa ya mamaye babban sashen Maiduguri.

Ma'aikaci nawa ne zai iya bin kilomita 12 da ƙafa yana duba kowane taku? Alhali kuwa ƙaramin jirgi maras matuƙi ɗauke da kyamarar zafi zai iya zagaye bangon cikin 'yan kwanaki. Yanayinmu ma ya dace da aikin. Da asubahin hunturu ƙasa takan yi sanyi ƙarara, ruwan da ya ratso bango kuwa yana fitowa da ɗuminsa, sai ya haska a hoto. Da bazara kuma, sa'adda zafi ke wuce digiri 40, wurin naso ne zai fito da sanyi.

Ba na cewa kyamara maganin komai ce. Fatar abu kawai take gani, ba ta leƙa ciki. Ƙarfe mai sheƙi yana ruɗa ta, ciyawa mai duhu tana ɓoye mata jiƙa, zafin rana kuma yakan haifar da tabon ƙarya. Ba za ta maye gurbin bututun awon matsin ruwa da ake binnewa a bango ba. Ba kuma za ta hana irin ambaliyar Satumban 2010 ba, wadda ta cinye garuruwa da gonaki a kwarin Rima har ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, domin wannan batu ne na yawan ruwan sama da yadda ake sakinsa. Aikinta shi ne ta nuna wa injiniya inda zai tona.

Wani zai ce wannan wata ƙofar kwangila ce kawai, a sayo na'ura a kulle a sito har ta lalace. Tsoron yana da hujja, don haka shawarata ba ta tsaya ga saye ba. Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ta haɗa hannu da jami'ar, a horar da matasan injiniyoyi, a riƙa ɗaukar hoton bangon sau biyu a shekara, lokacin da tafkin ya cika da lokacin da ya ja baya, domin hoto ɗaya ba ya ba da labari sai an gwama shi da na bara. Sannan a miƙa sakamakon ga Majalisar Dokokin Jiha da ƙananan hukumomin Goronyo da Wurno da Rabah da hakimansu, a kuma karanta shi da Hausa a rediyo. Rahoton da jama'a suka ji yana da wuyar binnewa. Kyamarar kuma ba za ta zauna banza ba, don tankunan hukumar ruwa da magudanan noman rani duk suna jiran ta.

Gemun Maiduguri ya riga ya kama da wuta. Ya rage ga wakilanmu da shugabanninmu su shafa wa namu ruwa tun bango yana tsaye. Allah Ya kiyashe mu da sakaci, amin.