Ba kowane tsiro ne ciyawa ba

Jiya Goggo ta aiko mana saƙo daga Galmi. Ta gaida kowa da kowa. Ta ce matar ɗanta ta haihu, an samu ɗiya, an yi suna ranar Laraba. Ta ce Kaka ta ji sauƙin ƙafarta. Daga nan sai ta shiga labarin garka: sun fara gyara fangalin albasa, zogale ya yi ganye, amma awaki sun fasa darni sun cinye yakuwa. A ƙarshe ta ce tafasa ta yi fure a bayan gari.

Ɗana ya yi dariya, ya ce: "Baba, ina ruwanmu da ciyawa?"

Ni ban yi dariya ba. A ganina, labarin tafasar nan ma labarin gida ne. In ta yi fure, ka san an yi ruwa, ka san akwai ganye a tukunya. Goggo gaya mana take yi suna lafiya.

Yara, da yawa daga cikinku kun san sunan albasa da tumatir, har da faransanci. Madalla. Amma in an fita daji da ku, sai ku kira kome ciyawa. Wannan kuskure ne, kuma yana da haɗari.

Ku dubi ƙuduji. Furensa ja-ja ne, gwanin kyau. Yaron da bai san shi ba zai so ya bar shi a gona. To, a ƙarƙashin ƙasa saiwar gero yake tsotsa, har geron ya ƙanƙance ya kasa yin zangarniya. Dole a tuge shi tun bai zubar da iri ba. Ku dubi tumfafiya kuma. Ita ma furenta yana da kyau, amma nononta in ya shiga ido, sai an nemi likita.

Akwai kuma waɗanda ba su da kyan gani, amma sun ceci rai. A shekarar 1984 ruwa bai yi ba a Nijar, rumbuna suka zama wayam. Mata suka shiga daji suna tsinko ganyen jiga da ƴaƴan anza. Anza tana da ɗaci ƙwarai, ba a cin ta haka nan. Sai an jiƙa ta kwana da kwanaki ana sake mata ruwa, sa'an nan a dafa. Kaka ba a littafi ta koyi wannan ba, wurin uwarta ta gani. Da shi ta ciyar da gidanmu har damina ta kewayo.

Wani zai ce yanzu akwai shinkafa da taliya a kasuwa. Gaskiya ne, ga mai kuɗi. A 2005 ma mutane da yawa sun koma ga anza.

Saboda haka, in kun je ƙauye hutu, ku bi kaka ko goggo zuwa daji. Ku tambaye su: mine ne sunan wannan? Ana cin sa? Dabbobi fa? Ku rubuta amsa a kaye. Kada ku sa kome a baki sai babba ya ce ku ci.

Ɗana ne ya mayar wa Goggo amsa. Ya yi mata barka da haihuwa, ya jajanta mata ɓarnar awaki, ya kuma roƙe ta ta aiko masa irin zogale da mota ranar kasuwa.